Tsatsar da Ɗan'azumi Ya Bari

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, takwas ga watan Sha'aban na shekarar 1394, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Usɗa Ɗan'azumi, maƙerin gwangwani na unguwar Ruwais a nan Jidda, bayan jinyar ciwon ƙirji ta wata goma sha huɗu. An yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗa teku. A cikin azumi aka haife shi, shi ya sa sunan ya bi shi har ya rufe na yanka. Saura mako uku azumin bana ya kama, bai jira ba. Ya bar matarsa Hajiya Zakiya, da ɗansa Husaini mai aiki a tashar jiragen ruwa, da 'yarsa Fatsuma da ke aure a Madina. Ya kuma bar taragai goma sha biyu, waɗanda su ne dalilin wannan takarda.

Ɗan'azumi, na san ba a kai ƙara wurin makoki. Kwana uku na zauna a tabarmar gaisuwarka, ana ba ni gahawa ina sha, ana ba ni haƙuri ina karɓa, bakina a rufe. Yau kwana goma. Kai Allah Ya yi ka da haƙuri irin na rijiya, kowa ya jefa guga sai ya ɗebo ruwa. Ni Yahya ba haka aka yi ni ba, ka kuma sani. Saboda haka zan faɗi alherinka, domin shi ne hakkinka a kaina, sannan in faɗi abin da aka yi maka, domin shi ma hakkinka ne.

Shekara ashirin da ɗaya katangarmu ɗaya. Lokacin da ka sauka daga Sudan ni ina sayar da ruwa, garwa biyu a sanda ina bin lungu. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san garwa ba ta yoyo sai ranar da ta ga ka fi gajiya. Kai ne kake liƙe mini su da dalma, ba ka taɓa miƙo hannu ba. In na matsa sai ka ce, "Malam Yahya, ai ruwan da bai zube ba shi ne ladana." Tsofaffin matan unguwa kuwa sun mai da rumfarka asibitin risho da fitila. Wata ta kawo maka butar da ta girmi 'ya'yanka, wadda faci ya fi asalin jiki yawa, ka juya ta, ka yi mata kallon girmamawa, ka ce, "Inna, wannan ta yi aikin hajji ya fi goma, ba a yar da ita." Ka gyara. Mutanen Hijaz suna kiran gwanin sana'a usɗa. Kai ba wanda ya naɗa maka, bakin mutane ne ya ba ka.

Amma abin da aka fi saninka da shi ba risho ba ne. A Jidda babu dogo, babu jirgin ƙasa. Yaran da aka haifa a nan, in sun leƙo bayan rumfarka suka ga abin da ke jere a kan katako, cewa suke Usɗa yana gina gidaje masu ƙafa. Kowane tarago tsawonsa kamu ɗaya, da ƙofarsa mai zamewa, da ƙugiyar da ke haɗa shi da ɗan'uwansa, da ƙafafu na dalma da kake zubawa a cikin ramin bulo. Garwar kananzir da gwangwanin cuku su ne ƙarfenka, wayar ƙafar keke ita ce gindin ƙafafun. Ƙusoshin jikin tarago kuwa da basilla kake fito da su, kana dannawa daga ciki ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirgawa a zuci. Na taɓa yi maka magana kana tsakiyar layi, ka ɗaga mini yatsa, sai da ka kai ƙarshe ka ce, "Arba'in da huɗu ne a kowane gefe. In na yi arba'in da uku, ƙarya na yi."

Ka san lissafin domin ka yi shekaru kana shafa wa taragan gaske fenti a Atbara ta ƙasar Sudan. Kafin nan kuma ka hau su. Kana da shekara goma sha biyu ayarinku ya iso Ubayyid a ƙafa, bayan shekara huɗu a hanya daga ƙasar Hausa, ana noma a tsaya, a samu guzuri a ƙara gaba. A nan aka ce ga jirgi zuwa Bur Sudan, bakin teku. Masu hali suka shiga na kujeru, ku kuka shiga na kaya, taragai goma sha ɗaya cike da 'yan'uwanmu Takari, da turmi da taɓarya da ƙullin dawa. Guzurin iyayenka a Bur Sudan ya ƙare, ka tsaya a ƙasar ta Sudan har ka yi furfurar farko. Wannan jirgin shi ne ka zo Jidda ka sake ginawa, tarago bayan tarago, shekara goma sha bakwai. Ba ka taɓa yin siffar mutum ba. Kayansu kake yi: turmi kamar ƙwallon dabino, ƙwarya daga ɓawon gyaɗa, tabarma da ka saƙa da zaren buhu. Kakan ce wanda ya san mai turmin zai gan ta.

In ka gama tarago, ya fito sumul yana ƙyalli, mu da ba mu sani ba sai mu ce aiki ya ƙare. Kai a wurinka a nan ya fara. Sai ka shafa masa jan fenti, ka bari ya bushe. Ka je bakin teku ka kankaro gishiri daga duwatsu, ka jiƙa jikin taragon, ka barbaɗa masa, ka bi da fenti mai ruwan toka a kai. Bayan kwana biyu ka goge da tsumma, inda gishiri ya zauna fenti ya ɓare, kamar yadda rana da yashi suke ɓare shi. Sannan ka ɗiga khal, ruwan tsamin nan na Larabawa, a gindin ƙofa da ƙarƙashin ƙusoshi, ka hau saman soro ka ajiye shi ya sha raɓar Jidda, wadda ke cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin kara. Da safe tsatsa ta zubo layi-layi. Baƙin fitila na rufin ne, wurin da hayaƙin kan jirgi yake sauka. Garin jan bulo na ƙafafu ne. Akwai wani tarago da ka yi wa tabo a bakin ƙofa da ruwan ganyen shayi, ka ce nan ne kunun wata tsohuwa ya zube da jirgi ya yi birki, aka yi ta yi mata jaje har Atbara. In tsatsa ta kai inda kake so, sai ka narka kaki a cikin man riɗi, ka shafa da gashin kaza. Kakan ce, "Na kwantar da ita barci." Kowane farkon wata kuma sai ka sake shafawa, don kada ta farka.

Hajiya Zakiya ta ba ni izinin faɗar wannan. A farkon zamanku a Ruwais ka tafi sallar Juma'a, ta ga wani tarago ya yi dauɗa, ta ce bari ta faranta wa maigida. Ta samo sabulu da soso ta dirje shi tas, ta ajiye a rana. Ka dawo ka tsaya a kansa, ka daɗe. Ta ce, "Malam, bai fita ba ne? In ƙara?" Ka ce, "Ya fita, Zakiya. Wata uku na yi ina sa masa hanya, kin mai da shi tasha." Ka yi dariya, ita ta yi kuka, daga ranar ta zama ita ce mai korar kowa daga katakon. Ita da rashin sani ta yi, kuma tarago ɗaya ne. A riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

Akwai abu ɗaya da ba kowa ya lura da shi ba. A jikin ƙofar kowane tarago, kafin ka shafa fenti, kana zana sunayen waɗanda ka tuna sun hau shi, da tsinin allura, da baƙaƙen Larabci. Gishiri ya shiga cikin zanen, ƙura ta rufe, mai kallo sai ya ɗauka ƙarzunan hanya ne. Ni ka nuna mini da yatsa, sannan na gani. A tarago na bakwai, wanda kai da mahaifiyarka kuka hau, ba jerin sunaye ba ne, magana ce guda: A nan Barakatu ta haifi Usuman.

Barakatu na san ta tun kafin in san ka. Ina tsaye a bakin ruwa ranar da ta sauka Jidda da jariri a goye, mijinta ya rasu a hanya. Tsakanin tashoshi biyu naƙuda ta kama ta, mata suka yi labule da zannuwa, mahaifiyarka ta yanke cibi, kai aka tura ka riƙe ƙofa don iska ta shigo. A Jidda ta yi wankau, ta yi daka a gidajen mutane, ta sayar da gyaɗa a bakin Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin, har bayanta ya lanƙwashe, don ɗan nan ya yi karatu. Da ka zo ka neme ta ka same ta, ta riƙe ka kamar ɗan cikinta har ta rasu shekara goma da suka wuce. Ta ga tarago na bakwai da idonta. Ta sa yatsa a ƙofar ta ce, "Wallahi nan ne. Har ɗan ramin nan da nake leƙen taurari."

To, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Usuman ya girma ya zama Othman, ya buɗe kantin agoguna da kayan wasa ba nisa da inda uwarsa take kasa gyaɗa. Arziki na Allah ne, ban yi masa hassada ba. Amma tun da ya sa gilashi a gaban kantin ya daina jin Hausa. In ka gaishe shi da ita sai ya ce "ma afham", wato bai gane ba. Yana gaya wa abokan cinikinsa cewa kakanninsa a cikin Balad, tsohon garin Jidda, aka binne su. Ni ba ruwana da abin da takardarsa ta zama ɗan ƙasa ta ce, ba kuma zan je ofishin kowa ba. Da a nan ya tsaya, da sunansa bai shigo ta'aziyyarka ba. Tun da kuma ba ya jin Hausa, wannan rubutu ba zai ɓata masa rai ba.

A watan Zulƙida na bara aka kwantar da kai a asibiti. Kwana huɗu da kwanciyarka sai ga Othman a ƙofar gidanka da mota, mutumin da bai taka Ruwais ba tun jana'izar uwarsa. Ya ce wa Hajiya lokacin alhazai ya zo, aro yake so, zai jera taragan a gilashin kantinsa duniya ta ga aikin Usɗa, zai rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, kai ma in ka ji za ka samu ƙarfin jiki. Ranar ya ji Hausa sarai, har da "Hajiya, ai ni ɗanku ne." Ta tuna Barakatu, ta naɗe su da tsofaffin zannuwa, ta miƙa masa goma sha ɗaya cif.

Abin da ya yi da su, ga shi. Ya duba ya ga tsatsa da ƙura da baƙin hayaƙi, ya ce datti ne. Ya kai su wurin mai fentin mota. Aka wanke su da fetur, man da ka yi shekara goma sha bakwai kana shafawa ya tafi a yini ɗaya. Aka zazzage turmi da ƙwarya da tabarma a kwandon shara, domin su ne masu faɗin ko su wa suka hau. Aka fesa musu farin fenti mai ƙyalli da ratsin kore. Ya jera su a kan jan ƙyalle, ya kafa kati a gaba. Sunanka bai hau ba. Abin da aka rubuta shi ne: ƙirar Jamus.

Da aka sallame ka a watan Muharram, Hajiya ta yi ta ɓoye-ɓoye har ta gaji ta faɗa. Ka ce in raka ka. Muka hau tasi zuwa Bab Makka, daga nan ka dafa kafaɗata muka taka, kana tsayawa kana tari. Ka tsaya a gaban gilashin kamar yadda ka tsaya ranar sabulu, amma ba ka yi dariya ba. Othman ya fito yana murmushi, ya ce da Larabci, "Ka gani, Usɗa? Na wanke maka su, na mai da su mutane." Ka ce masa da Hausa, "Usuman, ina turmin?" Ya ce, "Khalas, ya Usɗa, wa zai tsaya kallon shara?" Na ɗaga sandata. Allah Ya sani na ɗaga ta, kai ka riƙe. A hanyar dawowa na yi ta zage-zage, na ce mu tara dattawan unguwa, na ce mu kai shi gaban umda, wato mai unguwa. Ka bari sai da na huce ka tambaye ni, "Da me suka wanke?" Na ce da fetur aka ce. Ka ce, "Sun kankare har ƙarfe?" Na ce a'a, a kai suka fesa. Ka gyaɗa kai ka ce, "To bar shi, Malam Yahya. Sun tashe ta, sun kuma rufe ta da gishirinta. Bari zafi ya shigo."

Kada wani ya ce abin bai ci ka ba. Ni nake jin tarinka ta katanga. Katakon nan da babu komai a kansa ka hana a ɗauke, kana zama kana kallonsa. Ban ce Othman ne ya kashe ka ba, ajali na Allah ne. Amma na ce shi ya sa watanninka na ƙarshe suka yi ɗaci, kuma wannan zan maimaita shi a gabansa ranar da babu gilashi tsakanin mutum da mutum.

Sannan ka ce Husaini ya samo maka garwa ɗaya. Almakashi yana kuɓuce maka, wata biyar ka yi kana gina tarago na goma sha biyu. Ba sabo ba ne, na bakwai ne ka sake. Ƙusa arba'in da huɗu a kowane gefe, da ɗan ramin taurari, da turmin Barakatu a ciki. Ni na hau soro na shanya maka shi, domin ƙafarka ta daina hawa. Mako biyu kafin rasuwarka ka ba ni kwalbar man da gashin kazar, ka koya mini shafawa, kana faɗa: "A hankali, ba garwa kake wankewa ba." Ka kuma ce, "Zai zo neman magani. In ya zo ya tambaya da harshen uwarsa, ya kuma faɗi aikin wane ne, ka gaya masa." Na ce in bai yi ba fa? Ka ce, "Kai ka san kanka."

Zafi ya shigo, laimar teku ta sauka. A watan Rajab farin fentin ya fara ƙuraje. Kuma da yake a cikin zanen allura gishiri ya fi zama, ta nan tsatsa ta fara fitowa, ja a kan fari, baƙi bayan baƙi. Abin da ka ɓoye a cikin ƙura har sai an nuna da yatsa, Othman da kansa ya shimfiɗa masa farar takarda. Ya mayar wa mai fenti, aka ƙara feshi. Kwana goma sha biyu ta dawo, ta fi da kauri. Ya sake mayarwa. Ni kuwa na samu sabuwar hanya zuwa Balad, kullum da hantsi sai na bi ta gaban kantin, na dawo na ba ka labari a bakin gado. Ranar da na gaya maka wani ɗan dako ɗan Mai Wurno ta Sudan ya tsaya ya karanta tarago na bakwai da ƙarfi, masu gyaɗa suna ji, Othman ya fito da sauri ya juya shi ɗaya gefen, sai ka rufe ido ka ce, "Tarago ƙofa biyu gare shi." A duka biyun ka rubuta. Wannan ce dariyar ƙarshe da na ji daga bakinka, kuma na gode wa Allah da ni na kawo ta.

Ya zo gaisuwa rana ta uku, bayan la'asar, da farar riga da turare. Ya gaisa da Husaini, ya sha gahawa, ya matso kusa da ni. Da Larabci ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya kira ni ammi, wato baffa, ya ce, "Ya ammi Yahya, marigayi bai bar wani magani na tsatsar nan ba?" Ashe ya yi wa wani babban attajiri alkawarin taragan, za a kai masa majalisarsa kafin ƙaramar salla, kuma ya riga ya rantse masa daga Jamus suka zo. Na dube shi. Na tuna wasiyyarka, na ba shi dama, domin kada ka ce na zalunce shi. Na ce da Hausa, "Usuman ɗan Barakatu, taragan wa kake nufi?" Ya waiga hagu da dama, mutane suna zaune. Ya ce da Larabci, "Yalla ya ammi, ka san abin da nake nufi." Shekara hamsin ina sayar da ruwa da Larabci a garin nan. Na ce masa, "Ma afham." Tsohon da ke gefena ya ƙware da gahawa. Othman ya tashi ya nemi takalminsa.

Shekaranjiya da safe Hajiya ta buɗe ƙofa ta tarar da kwali, ba sallama, ba saƙo. Taragai goma ne a ciki, fentinsu yana ɓarewa kamar fatar maciji, sunayen mutanenmu a fili. Na bakwai babu. Ni da Husaini mun fara kankarewa. Maganin da ya zo nema ke nan, babu wani: a cire farin fenti gaba ɗaya, a bar tsatsar inda mai ita ya sa ta, a shafa mai. Wato ko na gaya masa, ƙirar Jamus ba za ta samu ba. Ka san haka lokacin da ka ba ni wasiyyar. Ashe ƙofar komowa ka bar masa a buɗe, ba maganin ciniki ba. Ba za su koma kamar da ba, hannunmu ba naka ba ne, turame kuma sun tafi. Amma za su koma kan katakonsu.

Usuman, da kai nake yanzu, ko wani ya fassara maka. Na bakwai da ka riƙe, riƙe shi. Ka kulle shi a akwati, za ta ci gaba da rubutu a cikin duhu. Ka jefa shi a teku in ka so, gishirin ma daga can ya fito. Na goma sha biyu yana tagar Hajiya Zakiya mai kallon hanya, ƙofarsa a waje, duk mai wucewa masallaci yana karantawa, kuma ni zan riƙa shafa masa mai kowane farkon wata muddin hannuna yana ɗaga gashin kaza. Wannan takarda kuma an kwafe ta uku: ɗaya za ta Bur Sudan, ɗaya Mai Wurno, ɗaya Kano a hannun alhazan bana. Ba laifi ba ne a haifi mutum a taragon kaya a kan hanyar ɗakin Allah. Da ni ne, da a gaban kanti zan rubuta. Laifin shi ne ka zubar da turmin uwarka a shara, ka shafe sunan mutumin da ya riƙe ƙofa don ka sha iskar farko. Ɗan'azumi ya tafi bai riƙe ka ba, ni na riƙe. Tabarmar gidan tana nan. Ranar da ka zo ka zauna a kanta, ka ajiye na bakwai, ka ce da bakin Barakatu, a gaban mutane, "Aikin Ɗan'azumi ne," ranar zan ji Larabci. Kafin nan, alhaki kwikwiyo ne, ya san ƙofar kantinka.

Ɗan'azumi, ka yafe mini in na wuce inda ka so. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya saka maka da kowace garwa da ka liƙe da kowace fitila da ka kunna wa tsohuwa. Allah Ya haɗa ka da mahaifanka da Barakatu da dukan waɗanda ka rubuta sunayensu, a cikin ayarin da ba ya tsayawa sai Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zakiya, wadda nake roƙo ta daina ɗora wa kanta laifi, domin amana ta bayar, cin amanar na wani ne. Da Husaini da Fatsuma da 'ya'yansu, da 'yan'uwa na Atbara da Bur Sudan, da jama'ar Ruwais baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Gobe in Allah Ya kai mu za mu fara kankare tarago na uku, mai tabon kunu.

Yahya mai ruwa,
Ruwais, Jidda,
18 ga Sha'aban, 1394.